Digirin ilimin dabbobi: Ban da gidan zu, ina ake zuwa da shi?

Duk shekara idan jami'o'i suka fitar da sunayen ɗaliban da suka ɗauka, akwai gidajen da murnarsu ke zama rabi da rabi. Yaro ya cike takardar JAMB yana neman likitanci, ya yi karatu har idonsa ya yi ja, amma da ya duba sai ya tarar an ba shi Zoloji, wato ilimin nazarin dabbobi. Kafin ya gama haɗiye takaicinsa abokai sun sa shi a gaba da tsiya, wai nan da shekara huɗu shi ne zai riƙa kai wa kura nama a gidan zu. Ya koma gida, mahaifiyarsa ta tambaye shi ko likitan dabbobi zai zama, ya rasa amsar da zai ba ta, don shi ma bai sani ba.

Mun san abin da yakan biyo baya. Wasu su ƙi karɓar gurbin, su zauna a gida shekara biyu ko uku suna maimaita jarrabawa. Wasu su karɓa da zuciya biyu, su yi shekara huɗu suna karatun cin jarrabawa kawai, su fito da takarda a hannu ba su san inda za su kai ta ba. Shi ya sa a wannan makon muka ga ya dace mu zauna da ku, musamman 'yan aji biyar da aji shida, mu duba wannan fanni tun kafin ranar ta zo.

Abin da digirin ba zai ba ku ba

Gara mu fara da mai ɗacin. Wanda ya gama digirin Zoloji ba likita ba ne, kuma ba likitan dabbobi ba ne. Likitancin dabbobi karatu ne daban na shekara shida, irin wanda ake yi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, kuma sai an yi rajista da majalisar likitocin dabbobi kafin a fara duba ko da akuya. Haka nan aikin gwajin jini da fitsarin majiyyata a asibiti yana da nasa digirin da nasa lasisin. Ɗalibai da yawa sukan shiga Zoloji da tunanin za su ƙare a ɗakin gwajin asibiti, sai bayan hidimar ƙasa su gane ƙofar tana da makulli, kuma ba a hannunsu yake ba.

Likita da lauya da mai haɗa magunguna suna fitowa daga jami'a da sunan sana'arsu a goshi. Mai Zoloji yana fitowa ne da tushe, shi zai zaɓi ginin da zai ɗora a kai. Wanda ya zaɓa da wuri, tun yana shekara ta biyu ko ta uku, yakan samu hanya. Wanda ya bari sai ya gama, shi ne ake gani yana yawo da fayil daga wannan ofis zuwa wancan.

Kuma kalmar "dabbobi" ita ke ruɗar mutane. Da an ambace ta sai zuciya ta tafi kan zaki da giwa. A wurin masana, sauro dabba ne, tsutsar ciki dabba ce, haka kifi da dodon koɗi da kaska da ɓera da fara. Mafi yawan aikin da ake biyan albashi a kansa yana wajen waɗannan ƙananan ne, domin su ne ke sa mutane kwanciya asibiti, su ne kuma ke cinye amfanin gona.

Masu yaƙi da cuta ba tare da farar riga ba

Ku tambayi kakanninku labarin kurkunu. Za su gaya muku yadda tsutsa mai tsawon da kan kai mita guda take ɓullowa a ƙafar mutum, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni, galibi da damina, lokacin da ake bukatar kowa a gona. A ƙidayar da aka yi a 1988 an samu sama da mutum 650,000 da ke ɗauke da cutar a Najeriya. Babu allurar rigakafinta, babu maganin sha da ke kashe ta. Amma a Disambar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da ita.

Yaya aka yi? Da sanin rayuwar tsutsar. Masana sun gano cewa 'ya'yanta suna shiga cikin wani ɗan ƙwaron ruwa da ido ke gani da ƙyar, wanda ke zaune a tafkuna da kududdufai. Mutum ya sha ruwan da ƙwaron a ciki, bayan kimanin shekara guda tsutsa ta fito masa, ya tsoma ƙafa a tafki don ya ji sanyi, ta zuba sababbin 'ya'ya, abin ya sake zagayowa. Da aka fahimci wannan zagaye sai aka san inda za a datse shi: a tace ruwan sha da ƙyalle, a hana mai kurkunu shiga tafki, a zuba maganin kashe ƙwaron a ruwan. Ana yawan ambaton tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon a wannan yaƙi, kuma sun cancanta, amma ilimin da aka yi yaƙin da shi irin wanda ake koyarwa ne a ajin Zoloji, a reshen da ke nazarin halittun da ke rayuwa a jikin wasu.

Wannan reshe da ɗan uwansa, ilimin ƙwari, su ne a ganinmu suka fi faɗin ƙofa ga ɗalibi a wannan yanki namu. Ɗauki zazzaɓin cizon sauro. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya a Najeriya suke. Kafin a sayo miliyoyin gidan sauro a raba, dole wani ya gano ko maganin da aka shafa wa gidan sauron yana kashe sauron yankin, domin sauro ma yakan saba da magani ya daina jin sa. Ga yadda aikin yake: a bi kududdufai da ludayi a ɗebo 'ya'yan sauro, a raine su har su yi fiffike, a ware matan (su ne masu cizo), a zuba su a wani bututu mai takarda da aka jiƙa da maganin na tsawon awa ɗaya, sannan a ƙirga waɗanda suka mutu bayan awa 24. Alƙaluman da suka fito su ke gaya wa gwamnati irin gidan sauron da za ta saya. Aikin kuma ba ya ƙarewa. A 2020 an gano a Jihar Gombe wani nau'in sauro ɗan asalin Asiya da ba a san shi a nan ba, wanda ke iya hayayyafa a tankunan ruwa na cikin birni. Wanda ya fara lura cewa wannan sauron baƙo ne, ai sai wanda ya san kamannin na gida.

A Kaduna akwai cibiyar bincike ta ƙasa kan ciwon barci da sammore, wadda asalinta ke komawa ƙarshen shekarun 1940. Ƙudan tsando ne abin nazarinta. Wannan ƙuda yana da abin mamaki: macen ba ta zuba ƙwai kamar sauran ƙudaje, tsutsa ɗaya take raino a cikinta ta haife ta, shi ya sa tarko kawai kan iya rage yawansu sosai. Tarkon ma da yadi mai launin shuɗi da baƙi ake yin sa, don an gano shuɗi yana jan hankalinsu. Tun kafin kafa cibiyar, ciwon barci ya addabi yankin Anchau da ke ƙasar Zazzau har aka sare kurmin bakin rafuka aka sake wa jama'a matsuguni, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Cikin jagororin wannan aiki akwai wani Bature mai suna Nash, kuma masanin ƙwari ne.

Ga 'yan uwanmu na Nijar ma akwai abin alfahari. A Janairun 2025 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta kawar da cutar makanta ta bakin kogi, wadda wani ɗan baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu ke yaɗawa. Shekaru aka yi ana bin koguna ana kashe 'ya'yan ƙudan, ana kama manyan ana bincika ko suna ɗauke da tsutsar. Maganin cutar kuwa, Mectizan, wanda ake rabawa kyauta a ƙauyuka bayan an auna tsayin mutum da sanda, ɗaya daga cikin waɗanda suka samo shi shi ne William Campbell, wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a 2015. Digirinsa na farko, a Dabilin ta ƙasar Ayalan, Zoloji ne. Idan wani ya sake yi muku tsiyar gidan zu, ga labarin da za ku ba shi.

Sauran aikin yana nan jibge. Tsargiya, wato fitsarin jini, tana kama yara masu wanka a madatsun ruwa da magudanan noman rani, kuma wani ɗan dodon koɗi ne ke raino ta. Zazzaɓin Lassa, wanda ya samo suna daga garin Lassa na Jihar Borno a 1969, ɓera ne ke yaɗa shi. A Kaltungo akwai asibitin masu saran maciji, kuma maganin dafin kububuwa da dafin macijin kansa ake haɗa shi, don haka sai an samu wanda ya iya tantance macizai, ya kama su, ya tatsi dafinsu. Masu ɗaukar irin waɗannan ma'aikata su ne ma'aikatun lafiya, da cibiyoyin bincike, da jami'o'i, da ƙungiyoyin agaji na gida da waje. Sai dai mu faɗa muku tun yanzu: a yawancin waɗannan wurare digirin farko shigar da ku kawai zai yi a matsayin mataimaka. Wanda yake so ya jagoranci bincike sai ya ƙara digiri na biyu, a ilimin ƙwari ko lafiyar al'umma ko nazarin yaɗuwar cututtuka.

Gona da rumbu

Waɗanda suka yi wayo a 2016 za su tuna shekarar da tumatir ya gagari talaka. Wata 'yar tsutsa ce, wadda manoma suka sa wa suna sharon, ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da maƙwabtansu. Asalinta daga Kudancin Amurka take. Manoma sun yi ta feshi a banza, domin tsutsar cikin ganyen take shiga ta yi rami, magani ba ya kai mata yadda ya kamata. A shekarar ce kuma aka fara ganin tsutsar nan mai cin zuciyar masara, ita ma baƙuwa daga nahiyar Amurka. Duk lokacin da irin wannan baƙo ya sauka, masanin ƙwari ake nema ya faɗi ko wane ne, yaushe yake ƙwai, me ke cin sa, a wane mataki na rayuwarsa ya fi sauƙin kashewa.

Misalin da ya fi burge mu shi ne buhun adana wake mai ninki uku, wanda ake kira PICS. Masana ƙwari na Jami'ar Purdue a Amurka ne suka samar da shi tare da abokan aikinsu na arewacin Kamaru. Babu ko ɗigon magani a cikinsa. Sun lura ne cewa ƙwaron wake, kamar kowace dabba, yana bukatar iska. Aka sa leda biyu masu kauri a cikin buhu, aka ɗaure kowace tam, ƙwaron ya shanye 'yar iskar da ke ciki ya daina ci, ya mutu. Manomi ya ajiye wakensa har farashi ya tashi, mai saye kuma ya huta da fargabar waken da aka barbaɗa wa guba.

Masu wannan ilimi suna aiki a wurare irin cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, da hukumar da ke binciken amfanin gona da dabbobi a kan iyakoki da filayen jirgi, da sassan yaƙi da fara da tsuntsayen jan-baki, da kamfanonin iri da na maganin ƙwari. Akwai kuma masu buɗe nasu kamfanin feshin gidaje da rumbuna.

Ga wanda ba ya son jiran albashi

Kiwon kifi ne reshen da ya fi saurin zama sana'a. Kowa na iya haƙa rami ya zuba tarwaɗa, amma ƙyanƙyasar 'ya'yan kifi sai mai sani. Tarwaɗa ba ta cika zuba ƙwai da kanta a tanki ba. Sai an zaɓi mace mai cikakken ciki, a yi mata allurar sinadari, bayan wasu awoyi a matse ƙwan a kwano, a haɗa da ruwan namiji, a shimfiɗa a kan raga cikin ruwa mai gudana. Cikin kwana ɗaya ko ɗaya da rabi sai ka ga dubban 'ya'ya suna motsi. Daga nan wahalar take farawa, don ruwa ya ɗan gurɓace ko ya yi sanyi da yawa a lokacin hunturu, a wayi gari duk sun mutu. Wanda ya san yadda ake auna lafiyar ruwa da haɗa abincin kifi, wanda shi ke cinye fiye da rabin kuɗin kiwo, ba zai rasa masu neman sa ba. A New Bussa, kusa da madatsar Kainji, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da kwalejin koyar da wannan sana'a. Kiwon zuma na zamani ma yana cikin wannan sahu, kuma jarinsa bai kai na kifi ba.

To, daji fa?

Eh, akwai aikin namun daji, kuma yana da daɗi ga mai sha'awa. Akwai Yankari a Bauchi da giwayenta, akwai Gashaka-Gumti a Taraba da Adamawa, gandun da ya fi kowanne girma a Najeriya, akwai fadamar Haɗeja zuwa Nguru inda tsuntsaye ke sauka daga Turai idan sanyi ya kore su. A Laminga, kusa da Jos, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI, wadda ke horar da ɗaliban digiri na biyu tare da Jami'ar Jos, kuma ɗalibanta daga ƙasashen Afirka daban-daban suke zuwa. A Kure ta Nijar, ba nisa da Yamai, raƙuman dawa da suka rage 49 kacal a 1996 sun haura 600 saboda aikin kare su. Da hoto ake ƙirga su, don zanen jikin kowanne daban yake, kamar zanen yatsa.

Amma guraben ba su da yawa, albashin bai taka kara ya karya ba, kuma rashin tsaro ya sa shiga wasu dazuzzukan ya zama kasada. Mai son wannan hanya ya shirya neman tallafin karatu da na bincike, ya kuma iya rubuta Turanci mai kyau, don da rubutu ake samun tallafin. Wata ƙofa da ke kusa da wannan ita ce ta binciken muhalli: tun 1992 doka ta wajabta a auna illar manyan ayyuka irin madatsar ruwa da babbar hanya kafin a fara su, kuma kamfanonin da ke wannan bincike suna ɗaukar masu iya ƙirga kifi da tsuntsaye da sauran halittun wurin.

Koyarwa kuwa ita ce ta fi ɗaukar masu wannan digiri, kuma ba abin kunya ba ne. Ku duba makarantarku, malaman Bayoloji nawa ne? Sai dai mai son ya riƙe ta sana'a ya ƙara difloma ta koyarwa bayan digiri, ya yi rajista da hukumar malamai ta TRCN. Wanda kuma har yanzu zuciyarsa na kan likitanci, wasu jami'o'i suna karɓar mai digirin kimiyya da sakamako mai kyau ya shiga daga aji biyu. Gasar tana da zafi, kuma shekarun suna da yawa, don haka a yi shawara da iyaye kafin a ɗaura wannan niyya.

Tun daga yanzu

A WAEC ko NECO ana bukatar kiredit biyar, da suka haɗa da Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kimistiri, yawancin jami'o'i kuma suna son Fiziks. A JAMB za ku rubuta Turanci da Bayoloji, sai biyu daga sauran darussan kimiyya, amma ku duba kundin hukumar na shekarar da sharaɗin jami'ar da kuke so, don akwai 'yan bambance-bambance. Karatun shekara huɗu ne. A wasu jami'o'in Zoloji sashe ne mai zaman kansa, a wasu kuma yana ƙarƙashin sashen kimiyyar halittu.

Kada ku yi wasa da Lissafi don kun ga dabbobi za ku karanta. Duk aikin da muka lissafa a sama ƙirge ne da auna abu da kwatanta alƙaluma, kuma wanda ya iya jera bayanai a kwamfuta ya fitar da ma'anarsu, ko ya zana taswirar inda cuta ta fi yawa, shi ake fara kira idan aiki ya samu. Ku kuma tambayi kanku da gaske: za ku iya feɗe ɓera ko kwaɗo? Za ku iya yini kuna leƙen madubin ƙara girman abu kuna neman ƙwan tsutsa a cikin kashin shanu? Za ku iya shiga taɓo har gwiwa? 'Yan mata kada ku ce wannan na maza ne. Aikin ɗakin bincike ba ya neman ƙarfin damtse, kuma a binciken cututtuka akwai gidajen da mace ce kawai za ta iya shiga ta karɓo samfur daga matan aure.

Idan kun shiga jami'a, abubuwa biyu ne za su raba ku da sauran 'yan ajinku: inda kuka yi horon sanin makamar aiki, da batun da kuka zaɓa na kundin bincikenku na shekarar ƙarshe. Wanda ya yi horonsa a gonar kifi ko cibiyar bincike, ya kuma yi kundinsa da hannunsa, ya fita da sana'a da kuma malamin da zai tsaya masa. Wanda ya je ya sa hannu a rajista kawai ya dawo gida, ya kwafi kundin wani, ya yi asarar watannin da suka fi kowanne amfani a karatun nasa.

Akwai gwajin da za ku iya yi a wannan hutun ba tare da kashe ko kwabo ba. Ku ɗebo ruwan wata tsohuwar taya ko kasko mai 'ya'yan sauro, ku zuba a kwalba, ku rufe bakinta da ƙyalle ku ɗaure sosai. Ku samu littafi ku riƙa rubuta abin da kuka gani kowace safiya: nawa ne, yaya suke tsayawa a ruwan, yaushe suka canza kama. Waɗanda ke kwanciya shame-shame a saman ruwa su ne 'ya'yan sauron zazzaɓi, waɗanda ke rataye kai ƙasa kuma wasu nau'o'in ne daban. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ku ga sun fito da fiffike. Idan kun gama, ku zuba ruwan zafi a kwalbar kafin ku kwance ƙyallen, sannan ku kai wa malamin Bayolojinku littafin ranar da aka koma makaranta.